Guinness 0.0: an cire barasar, baƙar giyar tana nan

Duk wanda ya san ɗanɗanon giya, ya kuma taɓa gwada waɗanda aka cire wa barasa, ya san inda gizo ke saƙar. Yawancinsu da ka kai baki sai ka ji zaƙin hatsin da bai gama tsima ba, ruwa tsululu ya biyo baya, shi ke nan an gama. Guinness 0.0 ba ta cikin wannan sahu. Dalilin da ya fitar da ita shi nake son in bayyana, domin a ganina sanin dalilin zai fi sunan kamfanin amfani ga mai saye.

Ni mai son baƙar giya ne tun da daɗewa, har ranar da likita ya duba sakamakon gwajin hantata ya ce in ajiye barasa. Na ajiye. Maye bai taɓa zama abin da nake nema ba, saboda haka ban yi kewarsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗacin nan mai ɗan ƙauri, da kumfa mai kauri da ke kwanciya a leɓe. Da wannan ma'auni na auna duk abin da zan ambata a nan.

A cikin gwangwanin Guinness 0.0 akwai wata 'yar ƙwallon roba, irin wadda kamfanin ya fara sawa a gwangwanayen Guinness Draught, wato ta asali mai barasa, tun 1997. Idan ka girgiza gwangwanin da ya ƙare za ka ji tana kai-komo. Da ka fasa bakin, matsin da ke ciki ya sauka, sai ƙwallon ta fesa iskar naitirojin cikin giyar. Ka karkata tambulan ka zuba a hankali. Da farko abin zai fito ruwan ƙasa mai duhu-duhu, ƙananan kumfa suna gangarowa ƙasa ta jikin gilashi kamar yashi, sannan a hankali ƙasan ya yi baƙi, kumfa mai launin madara ta taru a sama ta zauna. Idan ka ɗaga tambulan ɗin wajen haske za ka ga ashe ja ne mai tsananin duhu. A wannan mataki ban ga wani bambanci da ta asali ba, ko kaɗan. Naitirojin ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi kamar iskar da ke cikin sauran giya, shi ya sa kumfarsa ƙanana ne ƙwarai, ba sa cizon harshe, kuma suna daɗewa. Har na kai ƙarshen tambulan kumfar tana nan, ta bar zobe-zobe a jikin gilashi.

Ƙamshin na gasasshen sha'ir ne, da ɗan gahawa, da ɗan cakulan mai ɗaci. A baki tana da laushi da nauyi. Ɗacin yana zuwa a tsakiya, ya ɗan bushe harshe yadda ya kamata. Bambancin da na ji guda biyu ne. Na farko, ta ɗan fi ta asali zaƙi, kuma idan ka juya gwangwanin ka karanta abin da aka zuba za ka ga akwai sukarin furuktos da kayan ƙamshi na halitta, waɗanda aka sa don cike gurbin da barasa ta bari. Na biyu, bayan ka haɗiye, ɗanɗanon yana saurin tafiya. Ta asali tana barin ɗan ɗumi a maƙogwaro, wannan kuwa babu shi, kuma ba na jin akwai dabarar da za ta kawo shi, tunda ɗumin barasar ce da kanta. Wanda ya saba zai lura. Wanda aka miƙa wa ba tare da an faɗa masa ba, ina kyautata zaton zai sha rabi kafin ya fara tambaya.

Hanyoyin yin irin wannan giya sun kasu, kuma kowace tana barin alamarta a baki. Wasu masana'antu suna tsayar da tsimin tun da wuri, kafin yisti ya mayar da sukari barasa. Wannan ita ce ke kawo zaƙin ɗanyen hatsi da na ambata a farko, kuma na sha wasu masu araha da ban iya ƙarasa kwalba ɗaya ba saboda shi. Wasu kuma suna barin giyar ta tsima sosai, sannan su ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, domin barasa tana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Celsius, amma idan aka rage matsin iska sai ta tashi a zafi kaɗan ba tare da an dafa giyar ba. Matsalar ita ce ƙamshi ma yana bin tururin ya tafi, sai an kamo shi an mayar. Guinness ta bi hanya ta uku. A masana'antarta ta St James's Gate da ke Dublin, wadda Arthur Guinness ya karɓi hayarta a 1759, ana dafa giyar cikakkiya da ruwa da sha'ir da furen hop (mai ba giya ɗaci da ƙamshi) da yisti, sannan a tace barasar cikin sanyi, ba a kai ta wuta ba.

Amma ni a ganina tacewar rabin labarin ce kawai. Baƙar giya irin wannan tun asali ba da barasa ta dogara ba. Guinness Draught kashi 4.2 cikin ɗari ce kacal. Halinta daga gasasshen sha'ir yake fitowa, nauyinta a baki kuma daga naitirojin, kuma duka biyun ba su da alaƙa da barasa. Ka cire kashi huɗun, ginshiƙan suna tsaye. Shi ya sa nake ba duk mai neman giya marar barasa shawarar ya fara duba nau'in giyar tukuna, ya tambayi kansa me ke ba ta ɗanɗano, kafin ya duba sunan wanda ya yi ta.

Heineken 0.0, wadda ta fito a 2017, misali ce mai kyau ta ɗaya ɓangaren. An yi ta da tsabta, tana da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace, kuma da sanyinta ƙarara tana kashe ƙishi sosai. Sai dai farar giya irin laga ba ta da wurin ɓoye komai, domin ɗanɗanonta siriri ne tun fil azal. Idan ta fara hucewa a hannu, zaƙin yana fitowa fili. Ina shan ta a lokacin zafi, da sauri, kuma ba na neman fiye da haka a wurinta.

Erdinger Alkoholfrei ta fi ba ni sha'awa. Giyar alkama ce daga garin Erding a jihar Bavariya ta Jamus, ita ce ake miƙa wa 'yan tseren gudun fanfalaki na Berlin idan sun kai ƙarshe. Alkama tana ba ta kauri da kumfa mai tsayi, kuma tana cika baki fiye da Heineken nesa ba kusa ba. Ƙamshin ayaba da kanumfari da yisti ke bai wa giyar alkama ta gaske yana nan amma ya yi rauni, ɗanɗanon hatsi ne ya fi rinjaye. Tsakaninta da Guinness, idan da rana ce bayan na yi zufa, Erdinger zan ɗauka. Idan da dare ne ina son abin da zan zauna da shi in kurɓa a hankali, Guinness ce.

Ƙananan masana'antu su kuma da furen hop suka kama hanya. Nanny State ta kamfanin BrewDog na Sikotilan da Run Wild ta kamfanin Athletic na Amurka duk suna zuba hop da yawa, ƙamshin lemo da na itacen fir ya cika hanci tun kafin ka sha. Dabara ce mai kyau, kuma hujjar ɗaya ce da ta baƙar giya: a nemi abu mai ƙarfi wanda ba barasa ba a jingina da shi. Abin da ya rage musu shi ne jiki, ɗacin yakan tsaya shi kaɗai babu abin da ya tallafe shi. Giyar inabi kuwa ta fi kowa shan wahala, domin barasarta takan kai kashi 12 zuwa 14, cire wannan kuma babban rami ne. Jar har yanzu ban sami wadda ta gamsar da ni ba. Farar da aka yi da inabi mai ƙamshi, irin Natureo ta gidan Torres na Sifen da ake yi da inabin Muskat, ta fi tsira, haka ma masu kumfa.

Akwai abin da ya wajaba mai saye ya sani game da rubutun jikin kwalba. A Jamus doka ta yarda a kira giya marar barasa ko da tana da har kashi 0.5 cikin ɗari, kuma Erdinger a wannan aji take, haka Nanny State da Run Wild. Guinness 0.0 ba ta wuce kashi 0.05. Ga mai ciki, ko wanda likita ya hana, ko wanda ba ya kusantar barasa ko ɗigo saboda imaninsa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma lambar da ke bayan kwalba ita ce abin dubawa. Wanda kuma ya sha fama kafin ya rabu da shaye-shaye, ina roƙonsa ya yi shawara da mai kula da shi kafin ya taɓa wannan gwangwani, domin kamanninta da ta asali, wanda nake yabawa, shi ne zai iya tayar masa da tsohon marmari.

Barasa tana kare giya daga lalacewa, wadda aka cire wa kuwa ta rasa wannan kariya. Kamfanin da kansa ya janye Guinness 0.0 daga kasuwar Birtaniya a Nuwamba 2020, makonni kaɗan da fitowarta, saboda an gano ƙwayoyin cuta a wasu gwangwanaye, sai a 2021 ta dawo bayan an gyara aikin. Don haka ina duba ranar ƙarewar wa'adi kafin in saya, ina ajiye ta a firji ta kwana, kuma idan na fasa sai na shanye a zama ɗaya. Kada a sha ta daga bakin gwangwani. Naitirojin ɗin yana buƙatar tambulan mai faɗin baki, wankakke, babu maiƙo ko ragowar sabulu a jikinsa, in ba haka ba kumfar za ta faɗi tun ba a kai rabi ba.