Kafin ka sayi Littafi Mai Tsarki na Hausa, duba wane juyi ne

Ƙanena zai fara aikin bishara a wani ƙauye ta bayan Giwa, sai mama ta ce in nemo masa Littafi Mai Tsarki na Hausa a matsayin kyauta, wanda zai riƙa hawa bagade da shi. Na ɗauka aikin minti goma ne, ashe sai da na yi yawo tsakanin Sabon Gari da Wusasa har sau biyu, don mai shago yana tambayata wane juyi nake so na tsaya ina kallonsa.

Tsohon juyi dai shi ne na 1932, kuma mu 'yan Zariya namu ne ta wani fannin, tunda Likita Mila na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, wanda ya zauna cikin birni tun 1905 kafin a maida mishan Wusasa a 1929, shi ne ya ja gaban aikin. Kafin shi wani Bajamushe mai suna Schön, wanda suka hau kogin Neja tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, ya juya Sabon Alkawari aka buga a 1880, amma cikakke daga Farawa har ƙarshe sai a 1932. Kakanmu katikis ne, nasa na nan a akwatin mama an naɗe da tsohon zane, bangon ya ɓare, gefen Zabura ya yi baƙi saboda yatsa, a shafin farko ya jera sunayen 'ya'yansa da ranar baftismar kowa. Hausar ciki tana da nauyi da daɗin kunne, tsofaffi da ita suka haddace ayoyi, sai dai yaron yanzu zai yi ta tuntuɓe. In ka samu ka riƙe, amma ban ba ka shawarar shi kaɗai za ka kai wa sabon mai bishara ba.

Wani da ake karantawa a majami'u shi ne juyin 1979 na Bible Society of Nigeria. Nan fa ka lura, sunayen littattafai sun canja, Misalai ya koma Karin Magana, Kubawar Shari'a ya koma Maimaitawar Shari'a, Yohanna ya zama Yahaya, Ru'ya ta Yohanna kuma Wahayin Yahaya. Ƙaramin abu ne a ido amma ranar Lahadi in fasto ya ce a buɗe Misalai sura uku, rabin jama'a na ta juya shafi suna nema, sai an ɗaga murya an faɗi ɗayan sunan.

Sai Sabon Rai Don Kowa na ƙungiyar Biblica, cikakkensa ya fito 2020. Hausarsa sassauƙa ce, ya dace da makarantar Lahadi da wanda Hausa ba harshen gidansu ba ne, yana kuma cikin manhajar YouVersion kyauta, saboda haka ka fara karanta sura biyu uku a waya ka ji ko ya kwanta maka kafin ka fidda kuɗi. Waya dai ba ta maye gurbin takarda a ƙauyen da caji sai ranar kasuwa.

In ɗan Katolika za ka saya wa, ka ƙirga littattafai. Namu, mu da ba 'yan Katolika ba, 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari 27 a Sabo, nasu 73, da ƙarin su Tobit da Makabi. Ka buɗe jerin da ke gaba ka duba da idonka, kar ka tafi da maganar mai shago kawai.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci gaskiya ba juyi ba ne, jikin littafin ne. Mai bishara a ƙauye littafinsa kan babur yake yini, ƙura da rani, ruwa da damina, gidan makoki yau gidan suna gobe, kuma yawanci albashinsa bai kai ya sake sayen wani duk shekara ba. Ka buɗe tsakiya ka shimfiɗa a tebur, in ka ga zare ɗinki ne to zai daɗe, in gam ne kawai wata shida shafuka sun fara fita. Ka ɗaga shafi ɗaya a haske, in rubutun baya na leƙowa sosai zai wahalar da shi da fitila. Na taɓa sayen wani mai araha a bakin titi, sai a gida na tarar an tsallake shafuka a Ishaya. Mai zif yana kare ƙura, mai manyan baƙaƙe kuma nauyi gare shi amma ga dattijo babu kamarsa.

A ƙarshe na kira dattijon ikilisiyar da zai je na ce baba, wanne kuke karantawa a sujada? Ya ce na 1979. Shi na saya, baƙin bango mai zif, mama kuma ta ce na kaka ba zai bar akwati ba sai ranar naɗi.