Laƙaba wa tauraron labari cuta, ko bin sawun halinsa?

Masu nazarin taurarin ƙagaggun labarai sun rabu gida biyu. Wasu na ɗauko DSM-5, kundin cututtukan ƙwaƙwalwa da alamominsu, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, su auna tauraro da shi, su ce ga cutarsa. Wasu kuwa tarihinsa suke bi: me ya same shi yana yaro, me yake tsoro, wa ya ci amanarsa.

Hanyar farko tana da amfaninta. Mai fama da ciwon damuwa yakan ga kansa a labari, ya gane abin yana da suna, yana da magani. Ba a kuma shiga haƙƙin kowa ba, don ƙa'idar Goldwater ta 1973, wadda ta hana likitocin ƙungiyar faɗin cutar sanannen mutum ba tare da sun duba shi ba, ba ta shafi wanda aka ƙirƙira ba. Aibin wannan hanya shi ne gaggawa. Ba a cewa ciwon damuwa ne sai alamu sun kai mako biyu, likita ya yi tambayoyi. Tauraro kuwa ba ya amsa tambaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake manna wa kowane mugu sunan cuta, har jama'a su riƙa gudun marasa lafiya na gaske, alhali yawancinsu ba sa cutar da kowa.

Ta biyun tana cin lokaci, kuma ba ta ba da amsa guda. Ita nake bi, sai fa in marubucin da kansa ya ambaci cutar.