Gidan Tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ke New Orleans: Ko Ya Cancanci Kuɗin Tikiti da Wuni Guda?

Duk wanda hanya ta kai shi jihar Louisiana a kudancin Amurka zai ji mutanen wurin suna ba shi shawarar ya leƙa gidan adana tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin da kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, wanda ke kan titin Magazine a birnin New Orleans. An buɗe shi ranar 6 ga Yuni, 2000, shekara 56 cif bayan saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandy ta Faransa, kuma da farko labarin wannan saukar kaɗai aka nufa ya bayar, kafin majalisar dokokin Amurka ta ɗaga darajarsa ya zama gidan tarihin yaƙin na ƙasa baki ɗaya. Malaman tarihi biyu na Jami'ar New Orleans, Stephen Ambrose da Gordon Mueller, su ne suka assasa shi. A yau ya zama rukunin manyan gine-gine da gadar sama ta haɗa, ga sinima, ga gidan abinci, ga otal a gefe, ta yadda mutum zai shiga da hantsi ya fito bayan la'asar bai kewaye shi yadda ya kamata ba.

Dalilin kafa shi a wannan birni, maimakon Washington, shi ne wani jirgin ruwa da ke ajiye a zauren farko. Tsawonsa kamar ƙafa 36 ne, jikinsa na katako, gabansa kuwa ƙofa ce ta ƙarfe wadda ake sakewa ta faɗi a kan yashi, sojoji su fito da gudu. Kamfanin Andrew Higgins ne ya ƙera irinsa a New Orleans, kuma kafin a gama yaƙin kamfanin ya ƙera jiragen ruwa iri-iri fiye da 20,000. Idan mutum ya tsaya kusa da shi ya leƙa cikinsa, ya kuma tuna cewa mutum 36 ake cusawa a wannan ɗan sarari, kowa da bindiga da kaya a baya, ba rufi a sama, ba abin da ke tsakaninsu da harsashi ta gefe sai katako, zai fahimci saukar Normandy fiye da yadda kowane littafi zai fahimtar da shi. Wanda aka ajiye ɗin ba tsohon jirgin yaƙi ba ne. 'Yan sa-kai ne suka ƙera shi daga zanen asali, har da wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin.

Abin da ya fi burge ni a tsarin gidan shi ne yadda ake fara zagayen. Tare da tikiti ana ba mutum wani kati da aka yi shi da siffar alamar ƙarfen nan da soja ke ratayawa a wuya, mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Daga nan sai a shiga wani taragon jirgin ƙasa irin na shekarun 1940, a zauna, tagogi suna nuna gonaki da garuruwa kamar ana tafiya, a ɗora katin a kan na'urar da ke gaban kujera, sai a haɗa mai ziyara da wani mutum na gaskiya da ya ga yaƙin. A kowane sashe akwai wurin da za a sake ɗora katin a ji inda labarinsa ya kwana: an tura shi horo, an sa shi a jirgi, an raunata shi, ya dawo gida ko bai dawo ba. Dabarar ba ta da wani sarƙaƙiya, amma tana aiki matuƙa, domin tana tilasta wa mutum ya dubi fuska guda ɗaya, kuma fuskokin da ke cike da bangon gidan na samari ne da 'yan mata, da yawansu gemu bai ma tsiro musu ba.

A nan ne gidan ya fi ƙarfi. Amurkawa kimanin miliyan 16 ne suka sa kaki a wannan yaƙi, fiye da 400,000 kuma ba su dawo ba. Dokar tilasta shiga soja ta 1940 ta fara ne daga masu shekara 21, amma a watan Nuwamba na 1942 aka sauko da ita zuwa 18, kuma ɗan shekara 17 yana iya shiga da kansa idan iyayensa sun sa hannu. Wasu ma ba su jira ba. Calvin Graham yana da shekara 12 ya yi ƙaryar shekarunsa ya shiga sojan ruwa a 1942, aka raunata shi a gwabzawar da aka yi kusa da Guadalcanal, da asirinsa ya tonu kuma aka tsare shi aka ƙwace lambobin yabonsa. Jack Lucas ya shiga yana ɗan shekara 14, kuma kwanaki kaɗan bayan ya cika 17 ya faɗa kan gurneti biyu a tsibirin Iwo Jima don ya kare abokansa, Allah ya yi da sauran kwana ya rayu, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta ƙasar. Wanda ya shiga ɗakunan da ke bin hanyar zuwa Berlin da hanyar zuwa Tokyo da wannan a ransa, zai ga dajin ƙanƙara na Ardennes da kurmin Guadalcanal da aka kwaikwaya da wani ido dabam, zai kuma fi daɗewa a gaban ƙananan abubuwa, kamar wasiƙar da yaro ya rubuta wa mahaifiyarsa, fiye da gaban manyan bindigogi.

Sashen da ke ba da labarin waɗanda suka zauna a gida shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa, alhali kuwa a ganina ya fi jiragen saman da ke rataye a rufi ilimantarwa. An shirya ɗakin girki da falo na iyalin Amurka na wancan zamani, da takardun rabon abinci da rediyo da hotunan farfaganda. Yaran makaranta a lokacin suna bi gida-gida suna tara tsofaffin ƙarafa da roba da takardu, suna noma kayan lambu a filayen makaranta da bayan gidaje, suna kuma sayen kan sarki na musamman a kan santi 10 ko 25 su liƙa a ɗan littafi, idan ya cika dala 18.75 a musanya musu da takardar lamunin gwamnati da za ta zama dala 25 bayan shekara goma. Akwai ma wani aiki da mai karatu Bahaushe zai gane nan take. Audugar rimi ake cusawa a rigunan da ke hana sojan ruwa nitsewa, kuma daga tsibirin Java ake kawo ta. Da Japan ta mamaye wurin sai aka rasa, aka koma ga wani tsiro ɗan uwan tumfafiya, aka baza yaran karkara a 1944 suna tsinko 'ya'yansa buhu-buhu saboda audugar da ke ciki. 'Yan mata kuwa, bayan dubban da suka shiga masana'antu, an buɗe musu shirin horar da ma'aikatan jinya a 1943 wanda ke karɓa tun daga shekara 17.

Mutum na iya samun sabani da siyasar Amurka ta waje, kuma akwai dalilai masu yawa na hakan, amma wannan gida yana nuna wasu halaye na mutanenta da ya kamata a yaba. Na farko shi ne ɗaukar maganar talaka da muhimmanci. Tun kafin a gina komai, Ambrose ya yi shekaru yana tattara muryoyin 'yan mazan jiya, kuma yanzu gidan yana da dubban irin waɗannan hirarraki, na direban mota da mai girki da ma'aikaciyar jinya, an adana su da kulawar da ake ba maganar janar. Ko a waje, tubalan da aka shimfiɗa a gefen titi suna ɗauke da sunayen mutanen da iyalansu suka biya kuɗi don a rubuta. Na biyu shi ne al'adar aikin sa-kai da ba da gudummawa: yawancin manyan zaurukan suna ɗauke da sunan wani kamfani ko iyali da suka ba da kuɗin gina su, kuma dattawan da ke tsaye suna yi wa baƙi bayani cikin fara'a da haƙuri da yawansu ba albashi ake biyansu ba.

Hali na uku, wanda ya fi wuya, shi ne faɗin laifin kai a gidan da aka gina don alfahari. Gidan bai ɓoye cewa a watan Fabrairu na 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarnin da ya kai ga tsare mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni ba, alhali mafi yawansu haifaffun Amurka ne, kuma daga cikin waɗannan sansanoni ne wasu samari suka fito suka shiga runduna ta 442 da ta yi suna a Italiya da Faransa. Bai kuma ɓoye cewa baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya sun yi yaƙin a rundunonin da aka ware su dabam ba, suna yaƙar wariyar Hitila a ƙetare suna dawowa su tarar da tasu a gida, har sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja. Ginin da aka buɗe a ƙarshen 2023 ya ɗora da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, har da kwaikwayon maɓoyar Anne Frank, yarinya Bayahudiya da ta rasu a sansanin 'yan Nazi na Bergen-Belsen tana da shekara 15.

Inda nake da ja shi ne wurin da ilimi ya fara rikiɗewa zuwa nishaɗi. Akwai fim na kusan minti 50 wanda jarumin fim Tom Hanks ke ba da labarinsa, ana biyan kuɗinsa dabam. Kujeru suna girgiza idan tankar yaƙi ta wuce, ƙanƙarar roba tana zubowa daga sama. Gwaninta ce ba ƙarama ba, sai dai mutum kan fito da jin daɗin da bai dace da abin da ya kalla ba. Haka nan zauren waƙe-waƙen zamanin yaƙi da kantin sayar da tsaraba suna lulluɓe shekarun da wani irin armashi da waɗanda suka rayu a cikinsu ba lallai su amince da shi ba. Wannan yana da nasaba da batun matasa kai tsaye. Labarin yaron da ya yi ƙaryar shekaru ya tafi fagen fama yana da daɗin ji a matsayin jarunta, amma ƙasa da makonni biyu kafin a buɗe wannan gida, a watan Mayu na 2000, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta hana tilasta wa 'yan ƙasa da shekara 18 shiga soja, kuma abin da aka yi wa Graham a yau sunansa sa yaro aikin soja. Malamin da ya kai ɗalibai, ko uban da ya kai 'ya'yansa, zai buƙaci ya ƙara musu wannan bayani da bakinsa. Yana da kyau kuma ya gaya musu cewa samarin da aka tura yaƙi suna da shekara 18 ba su da ikon jefa ƙuri'a a kusan dukkan jihohi, kuma ƙorafin da aka fara tun lokacin bai zama dokar ƙasa ba sai a 1971.

Dole kuma mai ziyara ya san cewa gidan ya faɗa da kansa cewa labarin Amurkawa a yaƙin yake bayarwa, ba labarin duniya ba. Tarayyar Sobiyet, wadda ta rasa mutane kimanin miliyan 27, tana zuwa ne a gefen labari. Akwai ɗaki a kan fagen Sin da Bama da Indiya, amma hankalinsa yana kan matuƙan jiragen Amurka da suka riƙa tsallaka tsaunukan Himalaya da kaya. Samarin da aka ɗiba daga Kano da Katsina da Zariya da sauran garuruwan Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan cikin runduna ta 81 da ta 82 a ƙarƙashin tutar Ingila suke, saboda haka ba hurumin wannan gida ba ne, ko da yake sunayen barikokin Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya daga can suka samo asali. Wanda kakansa ya je Bama zai kalli akwatunan sauraron muryoyin nan da wani irin kishi, don kaɗan ne daga cikin namu aka zauna aka naɗi maganarsu kafin su rasu.

Tikitin shiga ba shi da arha, kuma fim da wasu ƙananan sassa ƙari ne a kansa, amma ana sayar da tikitin kwana na biyu a farashi mai sauƙi, kuma ga mai son karanta abin da ke bango shi ne ya fi dacewa. Ana buɗewa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, ana rufewa a 'yan ranakun biki kamar Mardi Gras da Kirsimeti. Musulmi ya yi tambaya kafin ya ci abinci, a cikin gidan ko a waje, domin girkin New Orleans, musamman gumbo da jambalaya, yakan zo da naman alade ko da an ce na kaza ne. Kifi da jatan lande sun fi sauƙin tantancewa. Hotunan da ke ɗakunan ƙarshe sun yi wa ƙananan yara nauyi. Idan wuni ɗaya kawai mutum yake da shi, shawarata ita ce ya fara da taragon jirgin ƙasa da sashen waɗanda suka zauna a gida tun da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin, ya zaɓi ɗaya tsakanin Berlin da Tokyo ya bi shi a tsanake, ya bar fim ɗin sai idan lokaci ya ragu.