Mawaƙa, a yi hattara da masu "ɗora waƙa kyauta"

Wannan gargaɗi ne musamman ga ƙannenmu masu tasowa a harkar waƙa. Akwai wasu da ke bin mutane a WhatsApp da Instagram suna cewa su dillalan waƙa ne. Ka turo musu waƙarka, su ɗora maka a Audiomack, Boomplay, Spotify da Apple Music, kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Asusun da za su ɗora waƙar nasu ne, ba naka ba. Daga nan sai su shigar da ita Content ID na YouTube, tsarin nan da ke gane sautin waƙa ya danganta ta da wanda ya yi mata rajista. Ranar da ka sa bidiyonka a tasharka, sai ga sanarwa wai waƙar ta wani ce, kuɗin talla kuma ya karkata can. Waƙar da ka biya kuɗin situdiyo, ka hana idonka barci kana gyara baitocinta! Ka kira lambar, a kashe.

Masu wayon cikinsu ba sa guduwa ma. Doguwar takarda za su turo da Turanci, su ce "sa hannu kawai, ƙa'ida ce". A ciki ka sallama musu mallakar waƙar har abada. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ce sai a rubuce ake miƙa wa wani haƙƙi. To ka ga, da hannunka ka ba su hujja.

Kada a ɗauka ƙaramar sata ce. A Arizona ta Amurka, mutum biyu sun yi iƙirarin mallakar waƙoƙi sama da 50,000 da ba nasu ba, suka kwashi kusan dala miliyan 23 ta YouTube kafin a kama su a ɗaure.

Ka buɗe asusunka da kanka, da imel ɗinka da bankinka, a kamfanonin da ke rarraba waƙa zuwa manhajojin sauraro, irin su DistroKid ko TuneCore. Kuɗin shekara ake biya, amma makullin yana hannunka. Kar ka ba kowa kalmar sirrinka, ko da ɗan unguwarku ne. Ka adana fayilolin situdiyo na asali da rasit, ku kuma rubuta yarjejeniya da mai kiɗa, don a nan ma rigima kan ɓarke.

Wanda abin ya riga ya ci, ya ƙalubalanci iƙirarin a YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke sarrafa bidiyoyinsa; mai iƙirarin yana da kwana 30 ya ba da amsa. Ya kuma kai ƙara Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, tare da hotunan duk hirar da suka yi. Takarda kuwa, lauya ya fara karantawa kafin biro ya taɓa ta.