Zenodo ko Figshare: wanne ya dace da bayanan bincikenki

Malama, tunda zaɓin naki na inda za ki ajiye bayanan bincikenki ya tsaya tsakanin rumbunan intanet biyu, Zenodo da Figshare, ki ɗauki Zenodo, kuma abin da ya same ni ne ya sa na faɗi haka.

Lokacin da nake tattara bayanai kan noman shinkafar rani a fadamun Argungu da Suru, na dogara ne da wata na'urar ajiya da na saya a kasuwa, wadda mai shagon ya rantse mini cewa sabuwa ce fil. Ba ta rufa wata biyar ba, wata rana na jona ta da kwamfuta, ta yi ƙara sau biyu ta yi shiru. Abin da ya rufa mini asiri shi ne wani abokin aikina ya riga ya matsa mini lamba har na ɗora teburin alƙaluman a Zenodo, da tsakar dare, lokacin da intanet ke ɗan sakin jiki a Birnin Kebbi. Washegari na sauke shi cif, ko layi ɗaya bai ɓace ba. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN, da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, ita ke riƙe da wannan rumbu tun da aka buɗe shi a 2013. Ba a biyan ko kwabo, kowane kundi yana ɗaukar har gigabait 50, kuma ana ba shi lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin a intanet, wadda duk mai amfani da aikin zai ambata, ta yadda ba za a ci guminki a manta da sunanki ba. Idan ba ki kare digirin ba tukuna, kina iya kulle fayilolin har zuwa ranar da kika zaɓa.

Figshare ma yana ba da DOI kyauta, ba zan ce ba ya aiki ba, sai dai na kamfanin Digital Science ne, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da rumbun da ba ɗan kasuwa ke riƙe da shi ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar DOI a zaurukan WhatsApp, waɗanda ke karɓar kuɗi a kan abin da za ki samu kyauta da hannunki, da kuma mujallun da ke alkawarin buga takarda cikin mako guda muddin an biya. Kafin ki tura wa kowace mujalla kuɗi, ki nemi sunanta a DOAJ, wato jerin mujallun bincike da aka tantance waɗanda ake karantawa kyauta a intanet.

Kafin ki ɗora komai, ki goge sunayen mutanen da kika yi hira da su, da lambobin wayarsu da sunayen ƙananan ƙauyuka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, sannan a halin tsaron yankinmu, bai kamata a bayyana wa duniya yawan shanu ko buhunan wani manomi ba. Ki kuma haɗa da ɗan gajeren bayani kan ma'anar kowane ginshiƙi na teburin, domin ni sai da wani mai bincike daga Nijar ya rubuto yana tambayar kilo nawa nake nufi da “buhu”, sannan na lura ban rubuta ba.