Digirin rawa a jami'a: abin da na samu da abin da ban samu ba

Na yi digirina na farko a sashen wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa na wata jami'ar gwamnatin tarayya, kuma a rawa na ƙware. Tun da na gama bautar ƙasa ƙanne da iyayen yara ke tambayata ko karatun ya ci kuɗinsa. A wurina ya ci, amma ba kowa zan ba shawarar ya shiga ba, kuma ga dalilaina.

A Najeriya da wuya ka ga sashen da ke koyar da rawa ita kaɗai. Galibi tana cikin sashen wasan kwaikwayo ne, kamar yadda Jami'ar Ilori ta haɗa wasa da kiɗa da rawa wuri guda, ɗalibi ya ɗanɗani kowanne kafin ya zaɓi ɗaya. Jami'ar Gana da ke Legon kuwa sashe guda ta ware wa rawa. A Najeriya hanyar shiga ita ce ta kowa: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da adabin Turanci, sannan jarrabawar JAMB. Shekara huɗu ake yi. Mu an ƙara mana da gwajin jiki, aka buga ganga aka ce kowa ya bi kiɗa a gani.

Wanda yake zaton hutu zai je yi ya sake tunani. Da an idar da sallar asuba muke fita motsa jiki, mu yi lacca da rana kamar sauran ɗalibai, da yamma a koma atisaye, idan wasa ya matso kuwa har tsakar dare. Mun koyi bata ta Yarbawa, wadda kafaɗa ke fizga tana amsa abin da ganga ke faɗa, kuma idan ba ka jin maganar gangar to tsalle kawai kake yi. Mun koyi suwange ta Tibi mai lanƙwasa ƙugu a hankali cikin zanensu mai ratsin baƙi da fari, da atilogwu ta Ibo mai alkafura da ɗaga juna sama, da ekombi ta mutanen Kalaba. An kuma ɗanɗana mana salon Martha Graham ta Amurka, inda motsi ke tasowa daga ciki, a tsuke sannan a saki tare da numfashi. Kowace rawa da inda take aje nauyin jiki. Sai da na iya bambanta wannan na fara ganin rawar garinmu da idon mai nazari.

Darasin da ya fi komai amfani a gare ni shi ne rubuta rawa. Mutane da yawa ba su san ana rubuta motsi kamar yadda ake rubuta kiɗa ba. Rudolf Laban ne ya fito da tsarin a 1928. Ana ja layi uku a tsaye, a karanta daga ƙasa zuwa sama. Layin tsakiya shi ya raba jiki biyu, dama da hagu. Siffar alama ita ke gaya maka inda za ka dosa, gaba ko baya ko gefe. Idan an cike ta da baƙi to ƙasa za ka yi, idan ɗigo ne a cikinta to tsaka-tsaki, idan zane-zane ne to sama. Tsawonta kuma shi ne tsawon lokacin motsin. Da farko kai kan ɗauki zafi, don taku takwas na iya cinye maka shafi guda. Amma ranar da malaminmu ya ba wata ɗaliba takardar da na rubuta, ta karanta ta taka abin da na nufa ba tare da ta taɓa ganina ina yi ba, ranar na yarda cewa ilmi nake nema. Bidiyo yana nuna yadda mutum ɗaya ya yi rawa a rana ɗaya, da kuskurensa da gajiyarsa. Rubutu kuwa yana riƙe ginin rawar kanta.

Bayan wannan akwai ilmin gaɓoɓi da jijiyoyi, da tsara rawa, da fitilun dandamali, da ɗinkin kayan wasa, da tarihi. A tarihi muka karanta aikin Peggy Harper, wadda ta yi nazarin raye-rayen Najeriya a Ibadan da Ife tun shekarun 1960, da Hubert Ogunde wanda ya fara jagorantar tawagar raye-raye ta ƙasa, da FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya, na 1977 a Legas. Mun ga yadda Kwabena Nketia da Mawere Opoku suka kafa tawagar rawa ta Gana a 1962, suka ɗauko rawa daga fada da ƙauye suka tsara ta don dandamali, da yadda Germaine Acogny ta jagoranci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977, daga baya ta kafa tata makarantar a Toubab Dialaw, can a Senegal. Muhawarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce abin da rawa ke rasawa idan aka ciro ta daga da'irar jama'a aka juya ta tana fuskantar masu kallo da ke zaune a kujeru. Har yau ina tunanin wannan duk lokacin da nake tsara wasa.

Inda karatun ya gaza mini shi ne rawar Hausa. A duk zamana a sashen, koroso kaɗai aka koya mana, ita ma a gurguje, kamar dai a cike gurbin Arewa a jerin raye-rayen ƙasa. Babu malamin da ya ƙware a wannan ɓangare, kuma a cikin makaɗan sashen babu mai riƙe kalangu yadda ya kamata. Alhali abin nazari jibge yake. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a da kiɗanta da rawarta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, ga 'yan hoto masu cilla garma sama su cafe, ga 'yan tauri, ga takai, ga gaɗar 'yan mata ta dandali wadda tafi da faɗawa baya a tare ki su ne ginshiƙinta. Abin da aka rubuta a kan waɗannan galibi a sashen Hausa yake, kuma a can waƙar ake nazari, da kirari da salon magana. Jikin da ke motsi ba a cika kula shi ba. Masu harshe suna da kalmomin, masu rawa suna da hanyar rubuta motsin, amma ba su haɗu ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, don dattawan da suka iya takun na asali suna ta ƙarewa, dandalin da 'yan mata ke gaɗa kuma ya ɗauke a garuruwa da yawa.

Shi ya sa na yi kundin kammalawata a kan 'yan hoto. Na koma gida na zauna da wani dattijo da ya yi wasan a ƙuruciyarsa. Da na nuna masa alamomin da na zana, ya duba ya ce, "Yaro, wannan rubutun naka ya san lokacin da makaɗi ke zuga ni?" Na ce, "Baba, bai sani ba, sai ka gaya mini in sa." Mun daɗe muna wannan aiki, yana takawa ina rubutawa yana gyara mini. Jagoran kundina bai san rawar ba, amma ya tsaya tsayin daka kan tsarin bincike, kuma ina gode masa.

Akwai abin da ya kamata iyaye su ji a fili. Atisaye maza da mata ake yi tare, wasu raye-rayen kuma akwai riƙe hannu ko ɗaga abokin rawa. Ana kuma yi wa sababbin ɗalibai bikin shiga sashe, a sa fararen kaya a shafa farar ƙasa a zaga harabar jami'a, abin da bai kwanta mini ba ko kaɗan. Na nemi uzuri a wasu abubuwan, wani malami ya karɓa, wani ya ce maki a jikin aikin yake. Wanda wannan zai taɓa masa addini ya tambaya tun kafin ya shiga, kada ya bari sai ya kai aji biyu. A gida kuma za ka sha tambaya. Kawuna bai daina cewa in koma in karanta shari'a ba sai da ya riƙe kundin a hannunsa.

Kuɗin makaranta ba shi ne nauyin ba. Nauyin yana cikin karo-karo na kowane wasa: yadi, ɗinki, sallamar makaɗa, man janareto. Ɗakin atisayenmu daɓen siminti ne, ba katako ba, kuma siminti yana cin gwiwa da idon sahu. Babu mai kula da rauni a sashen, sai dai ka ɗaure ka ci gaba. Wannan sakaci ne da bai kamata a yi wa mutanen da jikinsu ne kayan aikinsu ba.

Batun aiki kuma, gaskiya ƙofofin ba su da yawa. Akwai hukumomin raya al'adu na jihohi, waɗanda ke kai tawaga NAFEST, wato bikin fasaha da al'adu na ƙasa, akwai tawagar ƙasa a Legas, akwai bikin kanibal na Kalaba a watan Disamba, akwai koyar da darasin al'adu da fasaha a ƙaramar sakandare. Masu bidiyon waƙa da masu fim ba sa tambayar takarda, abin da ka iya suke dubawa, kuma yaron da ya koya a unguwa yana iya fin ka saurin ƙafa. Inda digirin ke raba ku shi ne idan aka ce a tsara wa mutum talatin rawa mai ma'ana, ko a rubuta takardar neman tallafi, ko a koyar ba tare da an ji wa yara ciwo ba. Ni yanzu koyarwa nake yi, ina tsara wasan makarantu, ina kuma shirin digiri na biyu. Daga cikin abokan karatuna da yawa sun koma wasu sana'o'in.

Saboda haka idan burinka ka iya rawa ne kawai ka yi suna, tawaga ko sitidiyo sun fi sauri kuma sun fi arha. Idan kuwa kana son ka koyar, ko ka tsara, ko ka adana raye-rayenmu a rubuce, karatun ya dace da kai. Kafin ka cike fom ɗin JAMB ka taka har sashen. Ka tambaya malamai nawa ne suka ƙware a rawa ita kanta, don a wasu wuraren malamin wasan kwaikwayo ne ke riƙe darasin. Ka tambaya ko ana koyar da rubutun Laban da gaske ko ambatonsa kawai ake yi. Ka shiga ɗakin atisaye ka duba daɓen, sannan ka sami ɗan aji huɗu ya gaya maka nawa ya kashe a wasansa na ƙarshe.