Sharhi: Ziyarar Gidan Tarihi na Jos da kayan mutanen Nok

Idan hanya ta kai ka Jos, ka ware wa gidan adana kayan tarihi na garin rabin yini. Ni dai na shiga, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. An buɗe shi a 1952, ƙarƙashin Bature Bernard Fagg, kuma abin da ya kai ni shi ne kawunan gasasshen yumɓu na mutanen Nok, wata al'umma ta zamanin da.

Hoto ba ya nuna gwanintar da ke jikinsu. Sai ka tsaya gabansu za ka lura da idanun nan masu kusurwa uku, da hujin da aka yi a ƙwayar ido da hanci, da kitso iri-iri da duwatsun wuya. Cikinsu rami ne, an gina su ne yadda ake ginin tukunya. Wanda ya zauna ya fitar da kitso a jikin yumɓu haka, ba mai fafutukar abincin yini ba ne. Akwai rarar hatsi a garinsu, akwai masu sana'a, akwai masu ado.

Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa Fagg wani kai daga Jema'a, wanda aka ce wani ya daɗe yana korar tsuntsaye da shi a gonar doya. Ikon Allah!

Abin da ya fi burge ni shi ne rayuwar mutanen. Sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna noman gero da wake, abincinmu na yau ke nan. Daga baya suka iya narka tama, an ma gano tanderunsu a Taruga, kusa da Abuja. Binciken da aka fitar a 2021 ya samu kakin zuma a ɓaraguzan tukwanensu, masu kusan shekara 3,500.

Inda na ji haushi shi ne ɗan rakiyar da muka ɗauko daga cikin gari. Gaggawa yake yi kamar zai tashi sama, komai ka tambaye shi sai ya ce "gumaka ne, Malam". Yawancin abin da na faɗa a sama kafin in je na karanta shi. Kai ma ka yi haka, ko ka nemi ma'aikacin gidan ya zaga da kai.

Zauren tukwane ma ya cancanci a leƙa. Daga nan sai ka taka zuwa sashen gine-ginen gargajiya da ke kusa, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya. Ka sa takalmi mai daɗin tafiya, wurin da faɗi.